Kyamara a Tukunyar Miya

A layinmu babu wanda ya kai Ɗago-Kai cika baki. Ni shaida ne, domin shagon ɗinkina manne yake da shagon hotonsa, kuma abin da ya raba mu katako ne siriri, ko atishawa ya yi sai na ce masa sannu. A wurin aiki ya samo sunan. Duk wanda ya zauna a kujerarsa, jariri ne ko tsoho, sai ya ji, "Ɗago kai! Kaɗan. A'a, ka yi yawa. Mayar." Har ta kai matarsa ma in ranta ya ɓaci da wannan suna take kiransa.

Idan ka saurari bakinsa, babu wani babba a ƙasar nan da bai taɓa gyara wa hula ba. A zahiri kuwa, tun da wayoyi masu kyamara suka cika gari, sai ya wuni babu wanda ya leƙo shi in ban da ƙudajen da ke sauka a labulensa mai zanen jirgin sama da furanni. Abin da ya rage masa a duniya shi ne kyamara guda, tsohuwa amma mai kyau, wadda yake gogewa safe da yamma kamar jaririya.

Shagon ma ba nasa ba ne, na surukinsa ne, wani dattijo mai kiwon tarwaɗa a bayan gari, wanda duk muke ce wa Baba. Akwai kuma wani mai wayoyi da ke kasa kayansa a tebur a bakin titi, ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan shagon. Wata safiya sai ga Baba. Ɗago-Kai ya durƙusa ya gaishe shi, ni kuma na tsayar da keken ɗinki na kasa kunne.

"Mai wayoyi ya sake zuwa wurina," in ji Baba. "Ya ce rana tana ƙona masa kaya, kai kuma kana nan a inuwa kana gadin labule."

"Baba, ai waya ba kyamara ba ce. Hoton waya hoton 'yan koyo ne."

"To, allo nake so in kafa a bakin gonata, da hoton kifina a kai. Ya ce zai ɗaukar mini."

"A faranti? Matacce? Haba Baba, wannan ai cin mutuncin kifi ne! Ni a ƙarƙashin ruwa zan same su, a cikin gidansu, ido da ido."

Baba ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Ka iya ruwa?"

"Allah ya ƙara maka lafiya, ni da ruwa ai sai dai a tambayi ruwa."

Ni kuwa na san ko ruwan sama ya sauko a kan benci yake tsayawa. Baba ya ce, "Shi ke nan. Ka kawo mini hoton da waya ba za ta iya ɗauka ba, shago naka ne muddin ina raye. In ka kasa, ka kawo mini makulli da hannunka."

Kafin azahar duk layi ya ji cewa Ɗago-Kai ya bar hoton tudu, ya koma na ƙarƙashin ruwa. Ya shiga mota ya tafi babban kantin kayan lantarki don ya sayi akwatin da ake saka kyamara a ciki ruwa bai taɓa ta ba. Wanda ya gan shi ya ce da aka faɗa masa kuɗin sai da ya nemi kujera. Amma da ya dawo, da ƙarfinsa ya dawo.

"Ɓarayi ne, tela," ya ce mini. "Na juya abin nan gaba da baya. Wallahi tukunya ce kawai aka sa mata suna. Ni da kaina zan ƙera wadda ta fi ta, kuma ba zan kashe kuɗin da ya wuce na shayi ba."

Na ce, "Ka dai tuna araha ba ta ado."

"Wannan maganar masu ɗinki ce. Mu injiniyoyi ne."

Da leda ya fara. Ya samo ledoji ya jera su cikin juna, ya saka burodi a madadin kyamara, ya ɗaure bakin da roba, ya tsoma a durom ɗin mai wankin mota. Muka taru muna kallo. Da ya ciro ya kwance, burodin ya sha ruwa ya yi luntsum kamar soso. Kafin kowa ya yi magana ya cusa shi a baki ya haɗiye.

"Ɗan danshi ne kawai," ya ce, ruwa na bin gemunsa.

Washegari ya iso da wani abu a lulluɓe cikin zani. Bai gama buɗewa ba sai ga matarsa ta biyo shi da ludayi a hannu.

"Baban yara, ina tukunyata mai murfin gilas?"

"Tana bakin aiki."

"Miyar da ke ciki fa?"

"Na juye miki a bokiti."

"Bokitin wanki! Yanzu haka miyar kumfa take yi!"

"Ke ba ki san ci gaba ba. Idan hoton nan ya fito, tukwane za ki rasa inda za ki ajiye su."

"Allah ya nuna mana. Ni dai tun da na zo gidanka ban ga abin da ya shiga tukunyar nan ta hannunka ba, sai fita."

Ta juya ta tafi, mu kuma muka yi kamar ba mu ji ba, amma mai walda sai da ya shiga bayan shagonsa ya ƙarasa dariyarsa.

Aka kai tukunya wurin mai faci. Ya huda gefenta, ya liƙa safar hannu ta roba a ramin, yadda Ɗago-Kai zai zura hannu daga waje ya danna maɓallin kyamara a ciki. Sai aka ga mariƙin murfin yana tsakiyar gilas, daidai inda idon kyamara zai kalla. Aka kwance shi, sai ya bar rami. Ga kuma wani ƙaramin rami na fitar tururi. Ɗago-Kai ya ce ba komai, zai karkatar da kyamarar ta leƙa ta gefe. Saura abin da zai toshe ramukan ya kuma liƙe bakin murfin.

Mai faci ya ce, "Akwai gam na gaske, amma saye ake yi. Kuma in ya kama, sai ka fasa gilashin kafin ka sake ganin kyamararka."

"Saye? Kai ma ka shiga sahun ɓarayin?"

Ya wuce wurin mahauci, ya roƙo kitsen da ake zubarwa, ya narka shi a gwangwani, ya bi bakin murfin da ramukan ya shafe su tsaf, ya bari ya daskare. Aka sake saka burodi, aka danna tukunya a durom. Abin mamaki, da aka ɓamɓare murfin, burodi ya fito a bushe ƙayau. Ranar ba mu sha ruwa ba. Ya zagaya layin da burodin a sama, yana tsayar da masu wucewa yana sa su taɓa.

"Ruwa da mai ba sa haɗuwa!" yake cewa. "Ilimi ke nan. Waɗancan 'yan kanti da digirinsu ba su san wannan ba."

Sai dai tukunyar ta ƙi nutsewa. Iska ce cike a cikinta, ko ya danna ta sai ta taso. Ya hau bakin durom ya danne ta da hannu biyu, ta suɓuce ta yi sama ta doke shi a haɓa, haƙoransa suka yi ƙara. Ya ce gwaji ne, da gangan ya sake ta. Ya koma gida ya ɗauko dutsen gugar matarsa, ya haɗa da wani ƙarfen birki da ya tsinta a gareji, ya ɗaure su a gindin tukunyar. Wannan karon ta nutse da gaske, har ta ɓula gindin durom, ruwa ya malale ya shiga shagona ya jiƙa mini yadin mutane. Mai wankin mota ya bi shi da tsumma har ƙarshen layi.

Sauran kayan ma duk haka ya harhaɗa su. Ya aro tabarau a wurin mai walda, irin baƙin nan da ake kallon wuta da shi. Ya samo tiyon da ake zuƙo fetur, wai da shi zai riƙa numfashi. Mai faci ya yanko masa faffaɗan taya biyu ya liƙa a silifas, suka zama ƙafafun agwagwa. Duk inda ya bi da tukunyar kuwa, kyanwoyin unguwa suna biye da shi suna lasar baki.

"Ka ga ko dabba ta san abu mai daraja," ya ce mini.

Na ce, "Ni dai na ga kamar kitsen suke bi."

"Hassada ce ke damunka, tela."

Da ranar ɗaukar hoton ta matso, ya je ya sami Baba da wata shawara. A shagonsa, in jariri ya ƙi kallon kyamara, alawa yake ɗagawa a saman kansa, nan take yaro ya ɗago. Wanda ya ƙoshi kuwa ba ya kallon alawa. Saboda haka ya ce a daina ba kifin abinci har sai an yi hoto, don da sun gan shi su taho da sauri.

Baba ya ce, "Tarwaɗa fa in ta ji yunwa ba ta da kunya. Junansu ma suke ci."

"Baba, na ɗauki hoton 'yan makaranta ana dab da tashi. Babu rashin kunyar da ban gani ba."

Baba ya sa aka rufe buhunan abinci.

Ranar Asabar gonar ta cika. Matan da ke sarin kifi sun zo da robobinsu, 'yan layinmu duk sun rufe shaguna, matar Ɗago-Kai ta tsaya can gefe ta harɗe hannu. Mai wayoyi ma ya zo, ya sami kan bulo ya hau, ya ɗaga wayarsa. Ramin kifin na siminti ne, ruwan kore shar, zurfinsa bai wuce ƙirji ba, kuma ya yi tsit kamar babu komai a ciki.

Ɗago-Kai ya fito daga bayan ɗakin ajiya da gajeren wando, yana tafiya faƙat-faƙat da ƙafafun taya, tukunya rataye a wuyansa da igiya. Jikinsa yana ta sheƙi. Ashe ya ji an ce masu nutso suna shafa mai don maganin sanyi, sai ya shafe sauran kitsen tun daga wuya har idon sawu.

Wata mai sarin kifi ta ce, "Wannan soya shi za a yi ko hoto zai ɗauka?"

Bai kula ta ba. Ya leƙa ramin ya yamutsa fuska. "Bangon nan ya yi muni. Ni ban taɓa ɗaukar hoto babu labule ba, kuma ba yau zan fara ba."

Aka ɗauko labulen jirgin sama. Ni da mai walda muka riƙe bakinsa muka zura shi a ruwa ta gefe guda. Mai faci aka ba ɗaya bakin tiyon ya ɗaga sama. Ɗago-Kai ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Ku buɗe idanunku. Abin da za ku gani yau, jikokinku za su tambaye ku. Kai kuma mai wayoyi, ka ɗauka da kyau, ka samu abin koyo."

Ya saukar da tabarau a idonsa, nan take duniya ta yi masa duhu. Ya lalubi tsani ya rasa, ya taka iska, ya faɗa ruwan gaba ɗaya. Da ya miƙe ya ce haka ƙwararru suke shiga. Ya cusa tiyo a baki, warin fetur ya sa shi tari, ya daure, ya durƙusa, ruwa ya rufe kansa.

Muka zuba wa ruwan ido. Can sai muka ga wani baƙin abu ya gilma. Sai wani. Kafin ka ce kwabo ruwan ya fara tafasa. Tarwaɗa ta ko'ina, manya masu gashin baki, suna hawa kan juna suna bugun ruwa da jela, duk sun nufi wuri guda. Mun ga haske ya walƙa sau ɗaya a ƙasa. Daga nan sai wani irin kuka ya fito ta bakin tiyon da ke hannun mai faci, kamar an taka akuya a cikin rijiya.

"Me yake cewa?" in ji Baba.

Mai faci ya kara tiyon a kunne. "Baba, ina jin salati yake yi."

Sai kumfa ta fara tasowa, ɓul, ɓul, ɓul, manya-manya. Matarsa ta dafe ƙirji. "Wayyo tukunyata!" Bayan kumfar sai ga safar hannun roba ta taso ita kaɗai, yatsunta a sama, tana lilo a kan ruwa kamar mai ban kwana. Kifin sun cinye kitsen bakin murfi tas, sun lashe na ramukan, yanzu sun koma kan mai shi.

Ɗago-Kai ya ɓullo yana ihu. "Ku ja da baya! Ɗaya bayan ɗaya! Wayyo cinyata! Baba, ka yi musu magana, kai suka sani!"

"Ai kai ka ce a bar su da yunwa," in ji Baba. "Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

Ya yi yunƙurin gudu, ƙafafun taya suka harɗe, ya damƙi labule don ya tsira. Labulen ya fizge daga hannunmu, saura ƙiris in bi shi. Ya naɗe a ciki, dutsen guga da ƙarfen birki suka ja wuyansa ƙasa, sai jirgin sama kawai muke gani yana birgima a ruwa, tarwaɗa na bin sa. A nan dariya ta tsaya, domin mun ga abin ya wuce wasa. Matan sarin kifi ne suka yi ta maza. Suka jefa ragar kamun kifi, suka haɗa ƙarfi suka jawo shi bakin rami tare da kifin da suka biyo shi.

"A auna shi duka ko a cire mai wandon?" in ji wadda ta yi maganar suya.

Aka kwance shi daga labule. Jikinsa duk jan shatin baki, kitse kuwa ko ɗigo bai rage ba, sun wanke shi fiye da sabulu. Tukunyar tana nan a wuyansa, babu murfi. A ciki ga kyamara tsundum a ruwa, ga kuma wata ƙatuwar tarwaɗa ta naɗe a kanta ta yi zamanta. Matarsa ta leƙa, ta daɗe tana kallo.

"To, alhamdu lillahi," ta ce. "Yau dai ka saka kifi a tukunyata."

Yana haki yana tofar da koren ruwa, amma bakin bai mutu ba. "Na ɗauka! Kun ga walƙiya ai! A ciro katin!"

Mai wayoyi ne ya ciro ɗan katin ajiyar hotuna daga kyamarar, ya goge shi da gefen riga, ya hura masa iska, ya saka a wata wayarsa. Muka yi cincirindo a kansa. Hoto guda ne. Wani baƙin rami ne wangame ya cika fuskar wayar, jan dasashi kewaye da shi, gashin baki ta kowane gefe, can a lungu kuma ga ɗan fiffiken jirgin saman labule. Cikin bakin tarwaɗa ne, a daidai lokacin da ta kawo wa gilashin cafka.

Baba ya karɓa ya nisanta shi da idonsa, ya matso da shi, ya juya shi. Sannan ya dubi mai wayoyi. "Tsakaninka da Allah, wayarka za ta iya ɗaukar wannan?"

Mai wayoyi ya sosa ƙeya. "Gaskiya Baba, ko ni ban isa in kai hannuna wurin nan ba, balle wayata."

"To, ni magana ɗaya nake yi. Shago nasa ne."

Ɗago-Kai ya daka tsalle da ƙafafun taya. "Kun ji ko! Tela, ka ji! Ina masu cewa araha ba ta ado? Wa ya taɓa shiga bakin kifi ya fito da hoto in ba ni ba?"

Baba ya bari sai da ya gama. Sannan ya sunkuya ya ɗaga kyamarar ta igiyarta. Koren ruwa yana zuba ta kowace kafa, har da wani ɗan gansakuka a cikin idonta.

"Sai dai ka faɗa mini," ya ce a hankali, "gobe da me za ka buɗe shagon?"

Ɗago-Kai ya buɗe baki, ya rufe. Ya karɓi kyamarar da hannu biyu, ya danna nan, ya danna can, ya goge ta da jiƙaƙƙen wandonsa. Shekara da shekaru muna maƙwabtaka, ban taɓa ganin bakin nan a rufe ba sai ranar. Wallahi duk haushin yadina da ya jiƙa sai ya bi ruwa, tausayinsa ya kama ni. Ya shanya ta a rana, ya binne ta a buhun shinkafa, ya kai ta wurin masu gyara har uku, kowa ya duba sai ya yi masa ta'aziyya.

Hoton yana nan a allon gonar Baba, kuma ciniki ya ƙaru, don duk wanda ya ga bakin nan sai ya tsaya ya tambaya. Matarsa ta shuka barkono a hudajjiyar tukunyar. Shago kuma har gobe na Ɗago-Kai ne, makulli yana aljihunsa, shi yake buɗewa da safe ya share. Sai dai yanzu akwatin gilas ne cike da wayoyi a bakin ƙofa, kuma mai wayoyi ne ke ɗaukar hoton fasfo da wayarsa, a gaban labulen jirgin sama da ya koɗe ya koma kore. Ɗago-Kai yana gaya wa kowa cewa ya ɗauki yaro yana koya masa aiki.

Jiya ma ina ɗinki na ji muryarsa ta cikin katako, da ƙarfinta kamar dā. "Ɗago kai! Kaɗan. A'a, ka yi yawa. Mayar."

Sai na ji mai wayoyi ya ce, "Kawu, don Allah ɗan matsa gefe, kana tare mini haske."